Amino asid da ciwon yaushin tumatir: kariya ce ko talla?

Dan_Fadamar_Galma:
Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Wata magana ta cika shagunan maganin gona daga Kaduna har Zariya a bana, wai ruwan amino asid ɗin nan da ake sayarwa a robar lita ɗaya yana hana tumatir ciwon yaushi, irin wanda shuka tana sa 'ya'ya sai ta fara rawaya daga ƙasa ta kwanta. Wasu ma cewa suke yana tayar da wadda ta riga ta kamu. Masana na cikin gidan nan, a warware mana. Kariya ce ta gaske ko taki ne aka sauya wa suna? In yana yi, nawa ake zubawa, kuma yaushe?

Malamin_Gona_Soba:
Wa alaikumus salam. Kafin a je ga magani a fara tantance ciwon, domin yaushi iri uku ne ke kashe tumatir a yankinmu, kuma manoma duk suna ɗaya suke ba su.

A tuge shukar da ta fara yaushi amma ba ta mutu ba, a tsaga karan a tsaye daga gindi. In aka ga layi ruwan ƙasa a ƙarƙashin ɓawo yana hawa sama, tsakiyar karan kuma lafiya lau, sannan ganyen ƙasa ne suka fara rawaya, sau da yawa ma gefe ɗaya na shukar ko rabin ganye ɗaya, to wannan fungas ne, Fusariyam. In kuwa shukar ta kwanta da korenta shar, babu rawaya, a yanki karan a rataya bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada a motsa. Cikin minti uku zuwa biyar za a ga farin zare kamar hayaƙi yana sauka. Wannan bakteriya ce, ta fi yawa da damina. Na uku shi ne ruɓewar gindi: farar fumfuna kamar auduga daidai inda kara ya taɓa ƙasa, da 'yan ƙwayoyi ruwan ƙasa kamar ƙananan gero.

Tambayarka a kan na farko take. Wanda ya kai maganin fungas gonar da bakteriya ta kama, kuɗinsa kawai ya zubar.

Maman_Iri_Kawo:
Malam ya yi gaskiya. Kuma a riƙa juya robar a karanta bayanta. Yawancinsu abin da aka rubuta shi ne ƙara ƙarfin shuka, taimaka mata ta jure zafi da ƙishirwa da wahalar dashe. Ba a rubuta maganin yaushi ba. Bakin mai talla ne ke ƙara gishiri.

MaiNazarinShuka:
Amsa a gajarce: ba ya warkar da wadda ta kamu. Kariya kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma sai an yi bayani.

Fusariyam a ƙasa yake zaune. Yana shiga ta saiwa, musamman inda ta ji rauni, ya ratsa har cikin jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa zuwa ganye. A nan yake yaɗuwa, ruwan da shukar ke ja shi ke ɗauke ƙwayoyinsa zuwa sama. Ita kuma shukar sai ta yi ƙoƙarin tare shi ta hanyar toshe jijiyoyin da wani irin danƙo. In ta makara, sai ya zama fungas ya toshe, ita ma ta toshe, ruwa ya daina hawa. Shi ya sa za ka ga fangali cike da ruwa amma shuka na mutuwa da ƙishirwa. Da farko takan yi yaushi da rana ta farfaɗo da yamma, daga baya ta kwanta gaba ɗaya. Jijiyar da ta toshe ba ta buɗewa, ko da wane irin feshi aka yi.

Shi amino asid tubalin da ake gina furotin da shi ne, iri ashirin ne manya. Shuka na yin nata da kanta daga naitirojin ɗin da ta sha. Wasu daga ciki suna da hannu a tsaron shuka: fenilalanin daga gare shi ake yin sinadarin da ke taurara bangon jijiyoyi, metiyonin daga gare shi ake yin iskar etilin da shuka ke aika saƙo da ita, gulutamet kuma shi ne ƙararrawar da ke sanar da sauran ganye cewa an ji wa wani ganye rauni. To manufar ita ce a tashi masu gadi tun ɓarawo bai zo ba. Kenan lokacin amfani da shi shi ne a gadon reno da ranar dashe da makonnin farko, ba bayan an ga rawaya ba.

Dan_Fadamar_Galma:
Na gode Dokta. To wanne daga cikin ashirin ɗin ne aka tabbatar yana rage ciwon?

MaiNazarinShuka:
Wanda aka fi yin bincike a kansa ma ba ya cikin ashirin ɗin. Sunansa a taƙaice BABA, amino asid ne da ba a gina furotin da shi. Tun 1994 Yigal Cohen na Jami'ar Bar-Ilan a Isra'ila ya nuna yana kare tumatir daga ciwon ƙonewar ganye, bayan haka aka gwada shi a kan cututtuka da dama har da na saiwa. Ba ya kashe fungas kai tsaye. In ka zuba shi a faranti tare da fungas, fungas zai ci gaba da girma abinsa. Shukar yake sa wa ta kasance cikin shiri, in cuta ta taɓa ta sai ta mayar da martani da sauri. Aibinsa shi ne in ya yi yawa yana tsumburar da shuka, girmanta ya tsaya. Kuma ba shi ne a cikin robobin da ke kasuwa ba. Na kasuwa cakuɗe ne na amino asid da aka samo daga narkar da furotin.

Sarkin_Noman_Wasa:
To Dokta, wane Baba ne wannan da ke gadin tumatir bai karɓar albashi? A ba mu lambarsa 😂

Injiniya_Kangimi:
Sarki ka bari mu ƙaru mana. Dokta, akwai kuma binciken gulutamet, ko?

MaiNazarinShuka:
Akwai, kuma shi ya fi kusa da tambayar. A 2021 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka wallafa a mujallar Microbiome cewa zuba gulutamik asid a saiwar tumatir ya ƙara yawan wasu bakteriya masu amfani, musamman dangin Streptomyces, waɗanda ke fitar da sinadaran da ke danne fungas, kuma yaushin Fusariyam ya ragu. A lura da ma'anar wannan: amino asid ɗin ba shi ya yi faɗan ba, abinci ya zama ga sojojin da suka yi faɗan. In ƙasarka ba ta da waɗannan sojojin, ko an kashe su da yawan magani, abincin wani zai ci. Kuma an yi aikin ne a wuri mai rufi da ake sarrafa zafi da ruwa, ba a fili irin fadamarmu ba.

Akwai kuma wani aiki daga Japan a 2016 da ya nuna histidin yana ƙara wa tumatir juriya, amma a kan yaushin bakteriya ne.

Abu_Hunkuyi:
Tsaya tukuna. Gulutamet ba shi ne farin magi ba? Wanda ake zubawa a miya?

Hajiya_Lambu:
Shi ne ƙanena. Farin magi gulutamet ne da aka haɗa da sodiyam. Kafin kowa ya ruga kanti ya kwashe na matan gida, a yi lissafi. Kusan kashi 12 cikin 100 na nauyinsa sodiyam ne. Giram ɗaya a lita ɗaya na ruwa ba zai ƙona shuka ba, sodiyam ɗin da ke ciki bai wuce giram 0.12 ba. Matsalar tana zuwa ne in aka ce a ninka don ya fi aiki, a zuba cokali-cokali a gindi, a kuma maimaita duk mako a noman rani inda babu ruwan sama da zai wanke gishirin. Sai bakin ganye ya fara ƙonewa, ƙasar fangali ta yi farin ɓawo, ta daina shan ruwa da kyau.

Kuma a duba yawan da ake bukata. Tazarar santimita 60 da 50 tana ba da shuka wajen 33,000 a hekta. Mililita 100 a kowane gindi ya kama lita 3,300, wato kilo 3 da ɗoriya na farin magi a zubi ɗaya. Kuɗin ba shi ne matsala ba, aikin bin gindi 33,000 da gwangwani shi ne. A gadon reno ne abin yake da sauƙi.

Bature_Makarfi:
Ni ban yarda da wannan hanyar ba, kuma ga dalilina. Fusariyam ma yana son gulutamet. A 2015 masu bincike na Jami'ar Kordoba a Sifaniya sun nuna a mujallar Nature cewa zaren wannan fungas ɗin yana jin ƙamshin abinci ya lanƙwasa ya nufe shi, kuma gulutamet na cikin abin da ke jansa. To ka zuba shi a gindin shuka a ƙasar da ke cike da cutar, wa ka kira cin abinci? Sannan amino asid ba ya daɗewa a ƙasa mai ɗumi da danshi, cikin awanni ƙananan halittu sun cinye shi. Abin da aka zuba da safe, zuwa dare labari ne.

MaiNazarinShuka:
Alhaji Bature, maganarka a kan hanya take, duka biyun. Shi ya sa na ce ya danganta da wanda ya riga kai hannu akushi. Hanyar da ta fi ma'ana ita ce a fara zaunar da masu amfani a saiwa tun a reno, cikin ƙasa mai tsabta, misali a cakuɗa ƙananan halittu masu amfani irin su Trichoderma ko Bacillus a ƙasar tiren reno, sannan a ba da amino asid kaɗan. Lokacin da aka kai dashen gona, saiwar ta riga ta cika da nata mutanen. Amma a zuba shi tsagwaronsa a tsohuwar gonar da ta shekara biyar ana tumatir a kai a kai, wannan caca ce.

Maman_Iri_Kawo:
Tunda an zo maganar na roba, ga yadda ake gane mai kyau. A nemi inda aka rubuta yawan amino asid sakakku, wato waɗanda ba a haɗe suke da juna ba, ba jimillar duka ba. Za ka ga roba ta ce kashi 40 ko 50 a gaba da manyan baƙaƙe, ka juya baya ka ga sakakkun ba su kai 10 ba. Sakakkun su ne ganye ke sha da sauri. Sai a duba daga me aka yi shi. Akwai na tsiro, irin su waken suya, wanda ake narkarwa a hankali da sinadarin narkar da abinci. Akwai na dabba, daga ragowar fata da gashin kaji da jini, wanda galibi ake dafawa da asid mai ƙarfi ko makamancinsa. Wannan dahuwar tana lalata wasu amino asid ɗin, kuma tana barin gishiri da yawa a ciki. Shi ya sa na dabba ya fi saurin ƙona ganye in an maimaita feshi ko an wuce ma'auni.

A duba ranar ƙarewa da lambar rajista. Robar da ta kumbura ko ta yi tsami, ta fara ruɓa, a bar ta.

Injiniya_Kangimi:
Ma'auni fa, Maman Iri? Dan Fadama ya tambaya tun farko ba a ba shi ba.

Maman_Iri_Kawo:
Abin da ke jikin robar shi ne doka, domin kaurinsu ya bambanta. Amma yawancinsu suna tsakanin mililita 2 zuwa 3 a lita ɗaya in feshin ganye ne. A injin goyo mai lita 16, mililita 32 zuwa 48 kenan. Mai lita 20, 40 zuwa 60. A auna da sirinji, a daina aunawa da murfi, murfin wata robar ya ninka na wata. Ga ƙananan dashe a reno a yi rabin wannan. A fesa da yamma bayan la'asar ko da sassafe, a shukar da ta sha ruwa, ba wadda ke cikin ƙishi ba. Tazarar kwana 10 zuwa 14. Sau ɗaya kwana biyu ko uku kafin a cire dashe, sau ɗaya mako guda bayan dashe, sai kuma gab da fure.

Babban kuskure: haɗa shi a tanki ɗaya da maganin fungas mai jan ƙarfe, wato shuɗin garin nan, ko mai farar wuta. Amino asid yana kama jan ƙarfen ya shigar da shi cikin ganye fiye da kima, washegari a tarar ganye ya ƙone. A raba su da kwanaki.

Malamin_Gona_Soba:
Ina ganin muna ta zagaye reshe mun bar gindi. Abin da ya fi amino asid tasiri a kan Fusariyam, kuma an daɗe da tabbatar da shi tun ayyukan da aka yi a Florida ta Amurka, abu biyu ne: tsamin ƙasa da irin takin da ake sawa. Cutar tana son ƙasa mai tsami da rairayi, tana son zafin ƙasa wajen digiri 28, tana kuma tsananta in naitirojin ɗin na amoniyam ne. In aka rage tsamin har ma'auninsa, wato pH, ya hau zuwa 6.5 ko 7, aka koma takin naitiret, tana raguwa sosai.

Yanzu a dubi yadda ake yi a nan. Yuriya shekara da shekaru, ita kuma a ƙasa amoniyam take fara zama, sannan tana ƙara wa ƙasa tsami a hankali. Ga shi ana zuba ta da yawa don ganye ya yi duhu. Shimfiɗa ce muke yi wa cutar da hannunmu.

Gyara: a kai ƙasa gwaji, ana yi a cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya. A ɗebo daga wurare goma zuwa goma sha biyar a gonar, zurfin santimita 20, a cakuɗa, a shanya a inuwa, a kai rabin kilo. Sakamakon ne zai faɗi yawan farar ƙasar noma da za a sa, a ƙasa mai rairayi yakan kama tan 1 zuwa 2 a hekta. A watsa a juya ta da ƙasa aƙalla wata guda kafin dashe, kuma sai da danshi take aiki. Daga fure zuwa gaba a maye wani kaso na yuriya da kalsiyam naitiret. Naitirojin ɗinsa kashi 15.5 ne, na yuriya 46, don haka buhu ɗaya ba ya maye buhu ɗaya, kusan uku ne. Da tsada, amma yana kuma rage baƙin gindin 'ya'ya.

Abu_Hunkuyi:
Toka ba za ta yi ba a madadin farar ƙasar?

Malamin_Gona_Soba:
Tokar itace tana rage tsami, tana kuma ba da fotash, ta isa gadon reno da ƙaramin lambu. Amma kada a haɗa ta da yuriya rana ɗaya, naitirojin ɗin zai tashi iska. Kuma farar ƙasar shafen ɗaki ba ita ake nufi ba, wannan tana da zafi, tana ƙona saiwa in an yi dashe kusa da zubawa.

Dan_Kasuwar_Kwando:
Ku dai kuna ta yaushi, mu sharon ce ke hana mu barci. Tun 2016 da gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir har yau ba ta bar mu ba, zafi na shigowa take dawowa. Amino asid ɗin yana korar ta?

Hajiya_Lambu:
Ba ya korar ta ko kaɗan. Sharon tsutsa ce da ke cin cikin ganye, maganarta daban. Hasali ma shukar da aka cika wa naitirojin ta yi ganye laushi-laushi ita ƙwari suka fi so. A buɗe mata nata zaren.

Bature_Makarfi:
Maganar zafi da ya kawo ta tuna min wani abu da ke ruɗa manoma. Wanda ya yi dashe a Oktoba ko Nuwamba, cutar na iya shiga saiwa tun farko amma sanyin hunturu ya danne ta. Disamba da Janairu gona kore shar. Sai Fabrairu ta raba, ƙasa ta ɗau zafi, shuka ga nauyin 'ya'ya tana bukatar ruwa da yawa, sai yaushi ya bayyana kamar dare ɗaya. Mai feshin amino asid tun Disamba zai ce maganin ne ya riƙe masa gona wata biyu, alhali sanyi ne. Wanda kuma ya fara feshi a Maris zai ce jabu aka sayar masa. Duk su biyun ba su auna komai ba.

Injiniya_Kangimi:
To ga yadda za a auna, tunda gardama ba ta ƙarewa da baki. A ware fangali goma sha biyu a gonar da aka san tana da cutar. Iri ɗaya, dashe rana ɗaya, taki ɗaya. Shida a ba su amino asid, shida a ba su ruwa zalla daidai yawan wancan, a kuma sarƙa su, ɗaya da magani ɗaya babu, kada a tara masu magani a gefe guda. Dalili, cutar ba ta bazuwa daidai a gona, tana bin hanyar ruwa. Fangalin da ke ƙarshen kwata shi ke karɓar duk abin da ruwa ya kwaso daga na sama. A ƙirga shuka a kowane fangali ranar dashe, sannan duk Juma'a a rubuta nawa suka yi yaushi. A ƙarshe a ƙirga kwanduna daban-daban. Shukar da ta mutu a tsaga karanta a tabbatar Fusariyam ne, kada a lissafa wadda gara ta ci.

Kuma a gyara ban ruwan kansa: kowane fangali ya sha daga kwata kai tsaye, kada a fasa wannan ya zuba cikin wancan.

Sarkin_Noman_Wasa:
Injiniya, manomi da kwando ɗari a gabansa da direba na masa hon, shi ne zai tsaya rubutun Juma'a? A ba yaran makaranta aikin dai.

Maman_Iri_Kawo:
Ba wanda ya yi maganar iri, alhali nan ne kariya mafi arha take. A bayan fakiti ko gwangwanin iri akwai baƙaƙe. V na nufin juriyar Batisiliyam, wani fungas ɗin da shi ma ke sa yaushi, F Fusariyam, N tsutsar saiwa. Shi ya sa ake cewa Roma VF. Amma Fusariyam ɗin tumatir jinsi uku ne. Roma VF da UC82B na farko suke jurewa. Rio Grande yana jure na farko da na biyu. Na uku sai wasu irin haɗi na zamani. Don haka in an shuka mai F ɗaya ya mutu, ba lallai irin ne jabu ba, wataƙila jinsi na biyu ne a gonar.

MaiNazarinShuka:
Ƙarin bayani kan na Maman Iri, don yana rikita mutane. Kamfanonin Turai sukan rubuta Fol: 0,1, Fol ɗin taƙaitaccen sunan Fusariyam ɗin tumatir ne. Wannan shi ne jinsi na 1 da na 2 a ƙirgen Amurka, su daga sifili suke farawa. In ka ga Fol: 0,1,2 to duka ukun kenan. HR a gabansa juriya ce mai ƙarfi, IR matsakaiciya.

Kuma a duba saiwa duk lokacin da aka tuge shuka. In tana da ƙulle-ƙulle kamar carbi, tsutsar saiwa ce, ita ke huda wa fungas ƙofa, har iri mai juriya yakan gaza a irin wannan ƙasar. Haka noma da fartanya kusa da gindi bayan shuka ta girma, saiwa ake yankewa. Haka fizgo dashe daga busasshen gado. A jiƙa gadon sosai kafin a cire, ko a koma tire.

Irin da manomi ya matse daga 'ya'yan gonar da ta kamu ma yana iya ɗauko cutar. In dole ne, a jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 50 na minti 25, da ma'aunin zafi a hannu, a tsame a zuba a ruwan sanyi, a shanya. In ya wuce haka irin ya dahu.

Abu_Hunkuyi:
Wasu na yin nasu amino asid ɗin a gida da kifi. Yaya abin yake?

Hajiya_Lambu:
Ana yi, daga manoman Koriya aka koyo. Kan kifi da kayan ciki ɗanye kilo ɗaya, mazarƙwaila kilo ɗaya, ga ta nan a Maƙarfi ba sai an nemi sukarin waje ba. A daddatsa kifin, a daka mazarƙwailar, a jera su hawa-hawa a bokitin roba, a rufe saman da mazarƙwaila, kada bokitin ya wuce kashi biyu cikin uku. A ɗaure baki da ƙyalle don iska ta fita ƙuda bai shiga ba, a ajiye a inuwa wata uku zuwa shida. Wanda ya nuna ƙamshinsa zaƙi-zaƙi ne kamar miyar kifi, in yana warin mushe ya lalace, sukarin ne ya yi kaɗan ko ruwa ya shiga. A tace, a tsarma mililita 1 a lita 1. Kada a yi da kifi mai gishiri ko banda.

Taki ne mai kyau ga dashe. Amma a kira shi da sunansa, taki. Kuma a daina ba da shi da yawa lokacin fure, yana sa shuka ta tafi ganye.

Malamin_Gona_Soba:
Ga wanda cutar ta riga ta shiga gonarsa yanzu, abin yi shi ne a tuge masu yaushi da saiwarsu da ƙasar gindin, a sa a buhu a fitar a ƙona. Kada a jefa a kwata, kada a zuba a ramin taki, kada a ba dabbobi a dawo da kashinsu gonar. A wanke fartanya da wuƙa da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin tara na ruwa. A cikin magungunan fungas kuwa, Mankozeb a ganye ba ya kai wa ga jijiya. Metalaksil kuma ba na wannan fungas ɗin ba ne sam. Kabendazim a gindi yana ɗan kare na kusa da ba su kamu ba, ba ya tayar da matacce.

Fungas ɗin yana yin wasu ƙwayoyi masu kaurin ɓawo da ke kwanciya a ƙasa shekaru da yawa, don haka hutun shekara ɗaya ba ya isa. A juya da masara, dawa, alkama ko shinkafa shekara huɗu zuwa biyar. Gadon reno kuwa a canza masa wuri, ko a jiƙa shi a lulluɓe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefuna da ƙasa, mako huɗu zuwa shida a zafin Maris da Afrilu.

Dan_Fadamar_Galma:
Allah ya saka da alheri. Amma Malam, mai hayar fadama rabin eka ina zai kai tumatir ɗinsa shekara biyar? Shi ya sa mutane ke neman abin da za su zuba. Dokta, in mutum ya sayi iri mai jure jinsi biyu, ya sa farar ƙasa, ya yi reno a tire, amino asid ɗin zai ƙara wani abu a kai ko ya ajiye kuɗinsa?

MaiNazarinShuka:
Zai taimaka wa dashe ya kama da wuri, saiwar da ta ji rauni ta warke da sauri, wannan kuma yana rage kwanakin da ƙofa ke buɗe. In kuɗin ya rage bayan iri da farar ƙasa da Trichoderma, a saya. In sai an zaɓa, shi ne na ƙarshe a layi. Ga mai ƙaramin fili da ba shi da wurin juyawa akwai kuma aure, kamar yadda ake wa mangwaro: a ɗora tumatir ɗin da ake so a kan gindin da ke jure cutar, a yanka duka biyun a karkace lokacin da kaurin kara ya kai milimita 1.5 zuwa 2, a haɗa da ɗan maƙalin roba, a ajiye a inuwa mai danshi mako guda. Wajen dashe kada ƙasa ta rufe mahaɗin, in ta rufe na saman zai fitar da tasa saiwar, an koma gidan jiya.

Bature_Makarfi:
Ni har yanzu ina kan bakana game da zubawa a gindi. Feshin ganye a reno, na yarda. Zuba farin magi a tsohuwar fadama, sai na ga lissafin fangali goma sha biyun Injiniya.

Abu_Hunkuyi:
Dokta, gindin gauta zai karɓi auren, ko sai na tumatir ɗan uwansa? Kuma maƙalin robar, a Kaduna ake samu ko sai an aika Kano?